Riga Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Sandar da Doguwa take tsayar da motoci da ita ba irin ta sauran masu tsallakar da yara ba ce. Ta roba hukumar ilimi ta gunduma take rabawa, mara nauyi, da jan allo a kai an rubuta TSAYA. Mijinta, wanda saboda allon nan kowa ke kira Malam Tsaya, ya gaji da iska tana karya masa ita, sai ya samo bututun ƙarfe ya ɗura masa siminti ya ɗaura allon a kai. Shekara goma sha biyu yana ɗaga ta a ƙofar firamaren bakin titi, har ranar da ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Hannun dama kaɗai ciwon ya bar masa. Da shi yake cin abinci, da shi yake jan kujerarsa, da shi yake matsa yatsun matarsa in harshe ya ƙi fitar da magana.

Bayan sati guda Doguwa ta zura rigar aikinsa, rawaya mai lamba 47 gaba da baya, ta ɗauki sandar ta tafi. Hedimasta ya gan ta ya kau da kai. Ya san in ofis ya ji, za a cire sunan Malam daga rajista, katin asibitin ma'aikata da ake karɓar masa magani ya bi shi. Wata takwas aka yi a haka ba wanda ya tambaya, don ofishin nan ba mutum yake gani ba, lamba yake gani.

Wata Talata, daidai lokacin tashi, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Doguwa ta ja hular rigar aikin ta rufe kai, ta shiga tsakiyar titi ta ɗaga allo. 'Yan aji ɗaya suka fara tsallakawa riƙe da hannun juna. Kowa ya tsaya ban da wata motar yashi. Direban ya danna hon ya ƙi saki, yana matsowa kaɗan-kaɗan, har gaban motar ya ture wata yarinya ta kife, ƙafarta taku ɗaya da taya. Doguwa ta fizgo ta da hannu ɗaya, ta maka allon a gilashin motar da ɗayan. Gilashi ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan.

Direban ya diro da ƙarfen kwance taya a hannunsa.

"Ke! Uban wa ya ba ki titin?"

"Uban yaran nan," in ji Doguwa.

Ba ta rufe baki ba ƙarfen ya sauka a kunnenta. Ta ji wani ƙara a cikin kai, jini mai ɗumi ya gangara wuyanta. Na biyu ya same ta a haƙarƙari, ta durƙusa da gwiwa ɗaya. Yara na ihu a bayanta, kuma ta san in ta faɗi babu kowa tsakaninsu da shi. Da ya ɗaga na uku, sai ta miƙe da sandar a hannu biyu kamar mai faskare. Wuyan hannunsa ya yi ƙara irin na busasshen itace, ƙarfen ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ta sake kai masa a muƙamuƙi. Haƙora uku suka zube a kwalta, ruwan sama yana jan jininsa zuwa ƙarƙashin motar. Ta ɗaga sandar karo na uku saitin kansa, kukan yarinyar nan ne kawai ya riƙe mata hannu. Abin da ya tsorata ta daga baya ba dukan da ta sha ba ne, daɗin da ta ji a lokacin ne.

'Yan sanda suka kwashi direban zuwa asibiti, aka ɗaure masa baki da waya. Ko da bakin na aiki ma, ba irin mutumin da zai ce mace ce ta yi masa haka ba ne. Wata malama ta ɗauki hoton faɗan da wayar hannu daga tagar bene, kuma abin da hoton ya nuna shi ne bayan wani dogon mutum cikin ruwa, kai a rufe, da lamba 47.

Duk wata hukumar tana fitar da takardar labarai a manna a ƙofar kowace makaranta: wance ta lashe gasar muhawara, an gyara rufin aji kaza, malam wane ya yi ritaya. A shafin farko kuma akwai Gwarzon Wata. Ma'aikacin labarai bai taka ƙafa ya zo ba, bai tambayi kowa ba. Ya dubi lambar, ya buɗe durowa, ya zaro fayil. Ranar Litinin ga fuskar Malam Tsaya ta shekara goma sha biyu da suka wuce, da gashin baki a gyare, a ƙofar makarantu talatin da ɗaya.

Doguwa ta shiga ofishin Hedimasta da ɗinki bakwai a kunne.

"Ranka ya daɗe, mutumin da ba ya iya saka hula shi ya karya wa ƙato hannu?"

"Don Allah ki rufa mana asiri," in ji Hedimasta, yana rufe ƙofa. "In kika yi magana, ni da ke da shi duk mun tafi. Ranar Alhamis ƙarfe tara mutanen hukuma za su zo gida su karrama shi. Ki zaunar da shi a kujera ki saka masa rigar. In sun ga jikinsa, ni zan ce dukan da ya sha ne."

"Direban nan fa yana da 'yan'uwa."

"Hukuma ce fa, Doguwa. Wa zai taɓa wanda hukuma ta karrama?"

Ta fita ba ta gamsu ba, amma ta yi shiru, don maganin Malam ya fi mata gaskiyar.

Shi kuwa Malam, abin ya yi masa daɗi ba kaɗan ba. Ya sa ta karanta masa takardar sau uku, yana dariya da rabin baki, yawu na zuba tana goge masa.

"Na... yi ƙoƙari," ya ce da ƙyar.

"Ka yi, Malam. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Ya miƙo hannun dama ya taɓa ɗinkin kunnenta a hankali, sai dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya matsa yatsunta da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba, ta gane kunya yake ji da baƙin ciki, ita ma ta kau da kai don kada ya ga hawayenta.

Hukumar tana da al'ada. Ana gobe ziyara, masinja yakan zo ya rataya shuɗin ƙyalle mai tambarinta a ƙofar gwarzo, don tawaga ta gane gidan, maƙwabta su san abin da ke cikinsu. Ranar Laraba ya zo da tsani ya buga ƙusoshi huɗu. Doguwa ta ce ya sauke, ya ce ba shi da ikon saukewa, sai wanda ya sa hannu a takarda. Aka bar ƙyallen yana kaɗawa, ana hango shi tun daga bakin layi.

Ranar Alhamis ta yi wa Malam wanka, ta taje masa gemu, ta zaunar da shi a tsakar gida. Ta ce zuwa takwas da rabi za ta dawo ta ba shi rigar. Ta tsallakar da yaran safe, na ƙarshe na shiga ta juyo gida da sauri, rigar a jikinta, sandar a kafaɗa. A bakin layinsu ta tarar da motar yashi a tsaye, gilashinta a tsage daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta sheƙa a guje.

Ƙofa a ɓalle take, kujerar a kife. Maza biyu, kamannin direban a fuskarsu, sun jawo Malam har bakin dakalin siminti. Ƙaramin ya shimfiɗa hannun daman Malam a kan dakalin ya take damtsen da takalmi. Babban, mai sanƙo, yana riƙe da takardar labarai a hannu ɗaya, ƙarfen kwance taya a ɗayan, yana duban hoto yana duban fuska.

"Tsoho, ba na son in zalunci wani. Kai ne wannan? Kai ka karya yayanmu?"

Malam ne ya fara ganin ta a bakin ƙofa, cikin rawayar riga. Ta ga idonsa ya sauka a kan lambar ƙirjinta, ta ga abin da ya yanke.

"Ni ne!" ya ce. Wata takwas ba ta ji magana ta fita daga bakinsa tas haka ba. "Ni na karya shi!"

"Ƙarya yake!" Doguwa ta kurma ihu. "Ni ce! Ku dubi rigar, ku dubi kunnena! Mutumin nan ba ya iya tashi!"

Mai sanƙo ya waigo ya kalle ta sama da ƙasa, ya yi tsaki.

"Mace? Yayanmu? Baba, koma gefe. Ga takardar hukuma, ga ƙyalle a ƙofa, ga bakinsa ya faɗa."

Taku shida ne daga ƙofa zuwa dakali. Ƙarfen ya sauka sau biyu kafin ta cinye su. Malam bai yi ihu ba, wani gurnani ya yi irin na rago a hannun mahauci.

Ta fara da ƙaramin. Sandar ta same shi a gefen gwiwa, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba a yi ta don ta lanƙwashe ba, ya zube yana kiran uwarsa. Mai sanƙo ya maka mata ƙarfen a gadon baya, numfashinta ya ɗauke, sandar ta kuɓuce. Ya shaƙo wuyanta ya haɗa ta da bango. Ta cusa babban yatsa a idonsa, ta gantsara masa cizo a hannu har ta ji ƙashi a haƙoranta. Da ya sake ta ya dafe fuska, ta lalubo sandar ta sauke masa a kafaɗa, ta sake saukewa a haƙarƙari, ta sake, ta sake. Jan allon ya ɓalle ya yi gefe. Wannan karon ba kukan yarinya da zai riƙe ta. Abin da ya tsayar da ita muryar Malam ce, ta koma yadda take, a karye.

"Do... guwa. Ya isa."

Mai sanƙo ya ja jiki ya fita da rarrafe, yana jan ƙaninsa ta kwalar riga. A bakin ƙofa suka ci karo da farar motar hukuma tana tsayawa, ƙarfe tara daidai, don wannan karon ba su makara ba.

Doguwa ba ta bi ta kansu ba. Ta durƙusa gaban dakalin. Abin da ke kai bai yi kama da hannu ba. Yatsu uku sun juya baya, wani farin ƙashi ya fasa fata ya fito. Ta tuɓe rigar mai lamba 47 ta naɗe hannun da ita, ta riƙe da hannuwanta biyu tana dannewa, rawayar tana komawa ja.

"Me ya sa ka faɗa, Malam? Me ya sa?"

"Sau ɗaya," ya ce, idonsa a rufe. "Sau ɗaya... ni ma."

Tawaga ta shigo ta yi cirko-cirko. Hedimasta ya dafe kai yana salati. Ma'aikacin labarai, da kyamara a wuya, ya tsinci takardarsa a ƙasa, jini ya ɓata rabin hoton. Shugabar hukumar ce a gaba, cikin kayan biki, rungume da takardar yabo a cikin firam mai gilashi.

"Innalillahi! Me ya faru a nan? Wane ne lamba arba'in da bakwai?"

"Ni ce," in ji Doguwa, ba ta ɗago ba. "Wata takwas ni ce. Da mutum ɗaya daga ofishinku ya zo bakin titin nan ya ce mini sannu, da ya sani. Ni ma da na buɗe baki tun Litinin, da hannun nan yana nan."

Shugabar ta so ta ciro waya ta kira asibiti, amma firam ɗin ya cika mata hannu. Ta duba hagu ta duba dama, cikin ruɗewa ta miƙa shi wajen wanda sunansa ke rubuce a jiki. Malam ya buɗe ido ya ga ana miƙo masa abu. Kafaɗarsa ta hagu ba ta motsa ba. Ta dama ta ɗan ɗaga, Doguwa ta ji abin da ke cikin rigar ya yi ƙoƙarin buɗewa a tafinta, ya kasa.

"Ki ajiye a ƙasa, ranki ya daɗe," ta ce. "Ba mai hannun karɓa a gidan nan. Ki buɗe mana ƙofar mota."