Hannun Yaya Ya Ƙi Saki

Yaya kafinta ne, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da shi ya san ba ya cewa "na yarda". Hannunka zai kama ya matse, magana ta ƙare. Da hawan jini ya kayar da shi aka kwantar da shi a asibiti, baki ya ɗauke, sai ido.

Kwanansa tara a kwance, babban ɗansa, wanda muke kira Dogo, ya tare ni a baranda.

"Baffa, Baba ya amince a sayar da shago. Na tambaye shi, ya matse min hannu."

"Wa ya gani?"

"Umma tana wurin."

Na ce to. Na san Dogo tun yana cikin tsumma. Bai taɓa son ƙurar katako ba, mai sayen kuma abokinsa ne. Shagon nan kuwa shi ke riƙe da gidan.

Da likita ta shigo zagaye, na ƙi fita. Ita ma ban gama yarda da ita ba, don na ga Dogo yana yi mata ƙus-ƙus da safe. Ta zaro makulli ta karci tafin ƙafar Yaya, babban yatsa ya ɗaga sama. Ta taɓa leɓensa, ya turo baki kamar mai neman nono.

"Likita, duba shi kike ko wasa? Mutumin nan fa yana da jikoki."

Ta juyo gare ni ta ce, "Baba, miƙo yatsu biyu."

Ta sa su a tafin hannun Yaya. Ya damƙe ni har na ji a ƙashi. Na ce ai ya gane ni. Ta zare yatsuna da ƙyar, ta sa masa biro. Ya damƙe biro kamar yadda ya damƙe ni.

Ta ce, "Jariri ma haka yake yi. In ƙwaƙwalwa ta yi ƙwari sai ta danne wannan, in ciwo ya taɓa gaban ƙwaƙwalwar sai ya dawo. Damƙa ba amsa ba ce. In kuna son sanin ko yana jin ku, ku ce ya saki."

Na kira Dogo na ce ya maimaita a gabanmu. Na kafa masa ido, ina jiran ya fara kame-kame. Ya sa hannu, uban ya matse.

"To, ce masa ya saki."

"Baba, saki. Baba, ni ne fa. Saki mana."

Hannun bai motsa ba. Na ɗauka Dogo gardama zai yi. Sai ya durƙusa a gefen gado, yatsunsa na cikin na uban. Ashe kullum yakan zo ya zauna yana ba shi labari, a ganinsa ana amsa masa.

Na ce wa uwarsa makullin shago ya zauna a wurinta. Dogo bai ɗago kai ba ya ce, "Baffa, kai ka kira mutumin ka ce an fasa. Ni ba zan iya ba."