Farantin Baba Ɗantala

Shekara goma sha tara Sakinatu tana sayar da tuwo a wata rumfar kara kusa da tashar Maraɗi a Jibiya, kuma a duk shekarun nan ba ta taɓa mallakar kujera ba, in ban da 'yar guntuwar da take zama a kai gaban tukunya. Tabarmi ne a rumfar. Direbobin manyan motoci in sun zo sai uku ko huɗu su haɗu, su ce a zuba musu a tire ɗaya, a malala miyar kuka ko ta yakuwa, a yaryaɗa man shanu, kowa ya wanke hannu ya matso. Wanda ya zo ya tarar ana ci kuwa sai a yi masa bismilla, ko an san shi ko ba a san shi ba.

Da wannan bismillar Baba Ɗantala yake rayuwa. A da ɗan kamasho ne a tashar, babu motar hatsin da za ta ɗaga bai sa baki ba. Da aka rufe iyaka aiki ya tsaya, da aka buɗe kuma ya tarar masu wayar hannu sun gaje wurin, ga gwiwa ta fara gardama. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya tilo yana Agadas, ba a jin ɗuriyarsa sai da salla. Amma fa ba mai ganinsa ya ce yana cikin wani hali, don rigarsa kullum a wanke take fes. Bayan azahar zai biyo ta rumfar kamar hanya ce ta kawo shi, ya tsaya yana tambayar direbobi labarin duwan, wato kwastan, da tsadar mai. In an ce bismilla, ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya tashi daga kan abinci. A sake faɗa, ya sake ƙi. A karo na uku sai ya ce to bari dai ya ɗan taɓa, kada a ce ya raina. Sakinatu ta daɗe da gane komai. Da ta hango farar rigarsa sai ta ƙara malmala ɗaya a tiren a ɓoye, tana ganin duk duniya ita kaɗai ta san wannan sirri.

Bara aka faɗaɗa titin unguwar, aka haƙa magudanar ruwa, aka rushe rumfunan aka gina jerin shagunan siminti. Maganar gaskiya aikin ya yi kyau, ko da wasu suna ta ƙorafi kamar ba su ne suke tattare wando suna tsallake kwata da damina ba. Sakinatu ta samu shago, sai dai ƙarami ne, ba wurin baza tabarmi. 'Yarta Fati, wadda ta yi karatu a Katsina ta dawo da ra'ayi a kan komai, ta ce ai yanzu an daina yayin tire. Aka sayo teburan roba da kujeru, aka kafa fanka, aka rubuta suna a allo. Kowa da farantinsa, kowa da cokalinsa. Ciniki kuwa ya ƙaru, har ma'aikata masu kaki suka fara zuwa, kuma Sakinatu ta ji daɗi ƙwarai.

Ranar farko Baba Ɗantala ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi wa shagon addu'a. Direbobi suka yi masa bismilla, ya ce alhamdu lillahi. To amma bismilla a kan farantin mutum ɗaya gaisuwa ce kawai, mai faɗa ya sani, mai ji ma ya sani. Babu inda zai sa hannu. Ya ɗan yi hira ya wuce. Washegari ma haka aka yi. A rana ta uku zuciyar Sakinatu ta kasa ɗauka. Ta cika faranti, ta ɗora tsokar nama biyu, ta kawo da kanta ta ajiye a teburin da ba kowa.

"Baba, ga naka. Zo ka zamna," ta ce, kowa yana ji.

Tsohon ya dubi farantin, ya dubi direbobin ɗaya bayan ɗaya, su kuma kowa ya sunkuyar da kai. Ya yi murmushi ya ce Allah ya saka da alheri, amma yau yana azumi. Ranar Laraba ce, ba kuma tsakiyar wata ba. Ya yi sallama ya fita, tun daga ranar bai sake biyowa ta layin ba.

Abbas, direban da ya fi kowa daɗewa yana cin tuwonta, shi ya tsaya bayan an watse. Ta fara ba shi hujjarta, cewa shekara da shekaru tana ƙara malmala saboda tsohon, ba wanda ya sani.

"Hajiya, kin yi ɓanna," in ji Abbas. "Shekara nawa muna mu huɗu muna cewa a zuba muna na mutum biyar? Kowa ya sani. Shi ɗai ne bai san mun sani ba."

Kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Ta aika Fati da kwano gidansa, aka dawo da shi a rufe da saƙon godiya, wai an riga an kawo masa daga maƙwabta.

Sai bayan mako uku ta gan shi, ranar Lahadi, kasuwar gari tana ci. Manoman Mazanya da Bugaje sun shigo tun da safe da amalanke, an zube tattasai da tumatir da albasa a kan buhuna. Tana tsugune gaban Hassana mai yakuwa, wadda take saye a wurinta tun suna 'yan mata, sai ta ji muryarsa a bayanta. Yana zaune cikin masu albasa yana ba su labarin sabbin shaguna, yana cewa shi kam kullum a gidan abincin Sakinatu yake yini, ƙarƙashin fanka. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ɗaya daga cikin manoman ya hango ta, ya kira ta cikin raha ya tambaya ko da gaske ne tsohon nan ya zama ɗan gayu mai ci da cokali. Baba Ɗantala ya waiwayo, idonsu ya haɗu.

"Gaskiya ne mana," ta ce. "Jiya ma sai da ya yi mini faɗa kan gishiri."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Da ta ɗauki kayanta ya taso yana ɗingishi ya raka ta 'yan taku kaɗan, kamar mai yi mata kwatancen hanya. Ta rage murya ta roƙe shi ya yafe mata. Ta ce akwai inuwa a bayan shagon, za ta shimfiɗa tabarma ta dawo da tire, su Abbas sun yarda, komai zai koma yadda yake.

"Bar shi, ɗiyata," ya ce a hankali. "Da can abinci nike ci da mutane. Yanzu ko kin shimhiɗa tabarma, na san don ni anka shimhiɗa ta."

Ya sa mata albarka ya koma wurin zamansa. Sakinatu ta tsaya tsakiyar kasuwa da buhun yakuwa a hannu, ana ta ture ta ba ta ji, idanunta sun cika. Daga inda take tana jin sa ya ci gaba da labari, yana gaya wa masu albasa irin laushin naman sabon shagonta, shi da bai taɓa kai shi baki ba.