Mariƙan Akwatin Zannuba

A layin maƙeran tagulla na Alƙahira ba wanda Usta Shahata bai gundura da littafinsa ba. Tsohon littafin Turawa ne da ya gada, cike da zanen mariƙan akwati da adon ƙofar kabad. Ko baƙi ɗaya bai iya karantawa a ciki, amma in ya lashi yatsa yana buɗe shafi sai ka rantse shi ya rubuta.

Da auren 'yarsa Zannuba ya zo, ya sha alwashin akwatinta sai ya rufe bakin uwar miji, wadda ta raina gidansu. Ya zaɓo mariƙin da ya fi kyau, can ƙarshen littafin, mai furanni sunkuye. Ya narka tagulla ya zuba irinsa da yawa, ya goge, ya kafa a jikin akwatin.

Ranar kai kaya aka ɗora akwatin a amalanke, shi yana gaba yana hura hanci. Suna wucewa ta shagon maƙwabcinsa Tadrus, kafinta Kirista, sai mutumin ya miƙe ya cire hula.

"Wa muka rasa, Usta?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Kayan amarya ne."

Tadrus ya ja shi gefe. "Ɗan'uwa, mariƙan akwatin gawa ne fa. Irinsu na sa wa Bagirken da aka binne bara. Ba a gaya maka ba?"

Wa zai gaya masa? Mutumin da a likkafani ake binne danginsa, kuma tun da yake bai taɓa tambayar kowa komai ba. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya: unguwar angon rabi Kiristoci ne, in mutum ɗaya ya gane, Zannuba ta shiga bakin duniya ke nan.

"To, gwani na gwanaye," ya ce wa kansa, "ga ranarka." Ya juya. "Tadrus, ara mini abin cire ƙusa."

A tsakiyar titi ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, ya cusa a aljihu. A ka aka shigar da akwatin gidan miji, duk huji.

Uwar miji ta zagaya shi, ta sa yatsa a wani huji.

"Ko mariƙi babu? Ba an ce uban yarinyar maƙerin tagulla ba ne?"

Usta Shahata ya dafe aljihunsa don kada ya yi ƙara.

"Haka ake cewa, Hajiya."