Kunnen Baba

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu nake karantawa, kuma na san ban kai in rubuta ba. Na yi ne don na kasa faɗarsa da baki.

Babana makaniken babur ne. A layin garejinmu ba mai kiransa da sunansa, Mai Kunne ake ce masa. In an kawo babur yana tari, ba ya taɓa shi. Sai ya sa a tayar, ya yi taku uku, ya juya masa baya, ya goya hannu, ya rage ido. Can sai ya ce, "Fulogin dama ne," ko, "Datti ne a kafireta." A buɗe, a tarar haka ne. Har mai walda kan kashe injinsa ya leƙo kallo.

Shekara biyu ke nan kunnen ya fara tafiya. Magana yana kamawa in yana kallon bakinka, amma ƙananan sautukan inji sun ɓace masa. Ni kaɗai ya gaya wa. Kullum in na taso daga makaranta nakan zauna a bencin da ke jikin bango da littafina, daidai inda yake fuskanta in ya juya wa babur baya. Shi ya koya min sauraro. In silinda ta ɗauke sai in rufe littafin. In ta hagu ce in ɗora shi a gwiwar hagu, in ta dama ce a ta dama. Sauran aikin ya san shi.

"Uwata," yakan ce a hanyar gida, "yau ma kunnen ya yi aiki."

Yayana shi ma a garejin yake, shekararsa tara yana miƙa sifana, kuma ya gaji. Baba ya taɓa ce masa a gaban mutane, "Ranar da inji ya yi min ƙarya na yarda, ranar makullin wurin nan ya zama naka." An yi dariya a lokacin. Yaya bai yi ba.

Sai ga babur ɗin wani mai kemis, babba mai silinda biyu da salansa biyu. Da sanyi lafiyarsa ƙalau. Sai ya yi kamar minti ashirin a hanya ya fara fizga, ƙarfi ya ragu, in ya huce kuma ya warke kamar ba shi ba. Sau biyu aka kawo shi da safe ina makaranta. Karon farko Baba ya canza fulogai. Na biyu ya wanke kafireta. Na uku mai kemis ya zo da yamma, yana turo shi, gumi har cikin takalmi.

"Mai Kunne, ni ka mayar jaki? Babur nake hawa ko babur ke hawana?"

Baba ya ba shi haƙuri, ya ce a tayar a bar shi ya yi zafi sosai. Muna jira, Yaya ya zo ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗaga bangon littafin da yatsa mai baƙin mai.

"Farfesa, na laburare ne?"

Na ce eh.

"Mai kyau. Wata uku ina kallon gwiwoyinki." Yana murmushi, kamar hira muke. "In ya rufu yau, a duron baƙin mai zai kwana. Shi da na ƙarƙashin gadonki duka. Na ƙirga, sha bakwai ne."

Ya tashi ya koma wajen babur ɗin.

Mai faci ya zo, mai walda ya zo, da wasu masu jiran aiki. Baba ya yi takunsa uku, ya juya, ya goya hannu. Ta ƙasan ido yana kallona.

Injin yana tafiya daidai, du-dum du-dum du-dum. Sai na ji ya yi tuntuɓe. Ya dawo. Ya sake. Sannan silindar hagu ta ɗauke gaba ɗaya, sautin ya zama na mai ɗingishi. Kowa a wurin ya ji. Har mai faci ya ɗaga gira.

Littafin yana buɗe a shafi na tamanin da ɗaya. Na ƙura wa layi ɗaya ido. Har yau ina iya kawo shi da ka, wata mata ce ke shanya tufafi. Ban rufe littafin ba.

"Baba, ya kake ji?" Yaya ya zagayo ya tambaya da ƙarfi, a gabansa, don ya ga bakinsa.

Baba ya sake dubana. Na juya shafi.

"Tukuna," ya ce. "Bai fara ba. Dukansu biyu suna ci."

Yaya ya koma. Ya ɗauki fulaya mai hannun roba, ya zare wayar fulogin hagu, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Sautin bai canza ba ko kaɗan, domin wannan silindar ta riga ta mutu.

"Yanzu fa, Baba?" ya ƙwala.

"Sumul!" in ji Baba, da muryar nan mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa. "Ku saurara ku koya. Haka lafiyayyen inji yake."

Mai faci ne ya fara dariya. Ya zauna a kan taya yana dukan cinya. Mai walda ya toshe baki da safar hannu, ta kasa riƙewa. Baba ya ga haƙora a ko'ina, ya juya, ya ga wayar tana lilo a hannun ɗansa.

Bai daɗe yana kallon Yaya ba. Ni ya kalla, ya kalli littafin.

Na yi zaton zai fita. Sai ya tsuguna, ya karɓi wayar ya mayar. Ya ɗebo ruwa a marfin jarka ya yayyafa a wuyan salansar dama, ruwan ya ƙone nan take. Ya yayyafa a ta hagu, ruwan ya tsaya yana gangara. Ya kashe injin, ya ɗage tanki, ya kwance koyil biyun da ke ba fulogai wuta, ya musanya su, ta hagu ta koma dama. Bai jira ƙarfe ya huce ba. Na ga wuyan hannunsa ya taɓa inji, fatar ta tashi, bai ko tsotse ba.

Aka sake tayarwa. Wannan karon bai juya baya ba, tafin hannunsa yana kan sirdi. Yana jira, mai faci ya zo gabansa yana motsa baki ba sauti.

"Na'am?" in ji Baba. "Me ka ce?"

Mai faci ya sake motsa baki, har da nuni da hannu.

"Ɗan ɗaga murya."

Wani daga cikin masu jira ya fita waje don dariya ta sarƙe shi.

Da injin ya sake yin zafi ya yi tuntuɓe, Baba ya ji a hannunsa. Ya yayyafa ruwa. Yanzu ta dama ce ta yi sanyi. Ciwon ya bi koyil ɗin ya ƙaura.

"Koyil ce," ya ce. "In ta yi zafi take yankewa a ciki. Fulogi ba shi da laifi, kafireta ma haka."

Gaskiyarsa ne, amma ba wanda yake kallonsa. Mai kemis ya dafa kafaɗar Yaya.

"Kai za ka sa min sabuwa. Shi kuma tsohon, ka kawo min shi in ɗiga masa magani, ko a samu rabin kunne."

"Ai sai a canza masa koyil," in ji mai walda.

Baba ya goge hannu a tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro igiyar da ke wuyansa, wadda makulli biyu ke jiki, ya ajiye a kan tankin. Yaya ya bari ta ɗan daɗe a wurin kafin ya ɗauka.

"Ka zauna a benci, Baba," ya ce. "Kusa da Farfesa. Ta karanta maka."

Baba ya nufo bencin a hankali, kansa a ƙasa yana duba ƙunar. Akwai wata 'yar ƙofa a baya, tsakanin duron baƙin mai da tarin tsofaffin tayoyi. Na rufe littafin, na rungume shi don kada ya goga, na bi ta nan kafin ya ɗago.