Sunayen da ke Ƙarƙashin Kwalta

Ranar Talata ce a watan Afrilu, hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zuba, zafi kamar an kife garin da tukunya. Ina kwance ƙarƙashin motata ina fama da ita sai na ji ana buga gilashin taga da cokali.

Mis Ozella ce, maƙwabciyarmu. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, cokalin nan ne ƙararrawarta.

"Dontrell! Kai, kurma! Yau 'yan makaranta za su zo. Fitar da ni baranda."

"Mis Ozella, nas ta ce kada a motsa ki."

"Nas ce ta haife ni? Wanke hannun nan, kada ka shafa min baƙin mai a rigar coci."

Gidanta na kallon tsohon gidan masu gonar auduga na zamanin bauta, wanda yanzu ake shiga kallo. Duk shekara ana kawo 'yan aji huɗu. Ni ma an kai ni. Wata mata cikin riga mai faɗi kamar lema ta nuna mana cokulan azurfa, ta ce "ma'aikatan gidan" a baya suke kwana. Littafinmu ma haka ya ce, layi biyu, aka juya shafi. Ɗakunan da bayin gonar suka zauna kuwa an rushe su an zuba kwalta, nan motoci ke tsayawa, daf da barandar Mis Ozella.

Shekara da shekaru, yara na saukowa daga mota sai ta miƙa musu alewa, ta jero musu sunayen mutum goma sha bakwai da suka rayu a ɗakunan nan, yadda kakarta ta koya mata. Ta hana kowa rubuta su.

"An taɓa rubuta su," in ji ta, "tare da alfadarai, kowa da farashinsa. Ya isa. A baki za su zauna."

Na ɗauke ta, ba ta fi damin tsintsiya nauyi ba. Na zaunar da ita a kujera, na ɗora mata gwangwanin alewa a cinya.

Motar makaranta ta zo, ta rage gudu, ta wuce mu. Ta zagaya can ɗaya gefen gidan ta tsaya.

Na tsallaka kwaltar a guje. Malamar da ke ƙirga kawunan yara Mis Pruitt ce, wadda ta taɓa koyar da ni.

"Dontrell? Har yanzu kana garin nan?"

"Ina zan je, malama? Mota ta ƙi tashi. Ga tsohuwa can tana jiranku."

Ta kalli barandar, ta kawar da kai. Ta ce bara wani uba ya kai ƙara, wai 'yarsa ta koma gida tana kuka saboda abin da tsohuwar ta faɗa musu. Hukumar makarantu ta ce daga yanzu mai rigar lema kaɗai za ta yi wa yara magana.

"Su dai gaishe ta, malama. Ba za ta ga baɗi ba."

"Ina da 'ya'ya biyu, Dontrell, kuma aikin nan kaɗai gare ni." Ta rage murya. "Ba ya ma cikin jarrabawa."

Na koma ina jan ƙafa.

"Ta ce in sun fito za su biyo," na ce wa Mis Ozella.

"Maƙaryaci. Tun kana yawo ba wando ba ka iya ƙarya ba. Zauna. Yau kai ne aji huɗu."

"Ni da na gudu daga makaranta?"

"Shi ya sa akwai fili a kanka."

Tun ina yaro nake jin sunayen nan, amma yadda ake jin kukan tsuntsu, ban taɓa riƙewa ba. Ta fara, ina maimaitawa. Tempy mai wanki. Cato Babba. Cato Ƙarami, wanda aka sayar bai dawo ba. Harshenta ya yi nauyi, wasu sai na kai kunne bakinta. Sai ruwan ya kece, yana dukan kwanon baranda. Ina ganin leɓɓanta suna motsi, ba na jin komai.

"Ƙara faɗa, Mis Ozella!"

Ta girgiza kai, idonta na kan motar da ke fita, yara sun manna fuska a gilashi.

"Gobe," ta ce. "Mayar da ni."

Washegari maganarta ta ɗauke. Na zauna gefen gadonta ina jero abin da na riƙe, in na tsaya sai ta buga cokali a ƙarfen gado, ta kafe ni da ido, bakinta na rawa. Ranar Juma'a da hantsi cokalin ya faɗi ƙasa.

Bayan an binne ta na je na tsaya a tsakiyar kwaltar, tsakanin fararen layukan da aka ja wa motoci. Na faɗe su da ƙarfi, ina naɗe yatsu. Na sake daga farko.

Tara na samu. Takwas sun bi ta.

Gwangwanin alewar yana nan kan kujerarta, tururuwa sun yi layi har bakinsa.