Rigar Rediyon Tica

Ciki biyu Amna ta yi, babu wanda aka kai ga suna. Na farko ya zube tun bai yi ƙwari ba. Na biyu ya zo duniya, ya yi kukansa, kafin a yanka rago ya koma. Uwarta Yakaka ta san Allah ke bayarwa, shi ke karɓa, ba ta taɓa musun wannan ba. Amma ta san abin da ta yi da hannunta a ciki na biyun. Tun ba a haihu ba ta je kanti ta sayo tawul da 'yan riguna da kwanon wanka, ta ɗora a ka ta ratsa kasuwar Mubi, kowa yana kallo, wasu har da yi mata barka. Baki ya yi wa cikin yawa. Ita dai abin da ta riƙe ke nan, kuma ba mai raba ta da shi.

To, da Amna ta sake samu, a daminar nan da ake ta maganar ƙuri'a, ko a bi Najeriya ko a bi Kamaru, Yakaka ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta tafi Digil, inda Amna ke aure, ta ce wa dangin mijin ƙafarta ke ciwo, tana son mai taya ta aiki. Ta taho da 'yarta unguwarsu ta Yelwa tana ɗingishin ƙarya har ƙofar gida. Suna shiga ta kafa doka: ba a faɗa wa kowa, ba a saya wa cikin ko zare ɗaya, zane kuma sai mai fāɗi. Ko uban Amna, Garbai, mai kawo bandar kifi daga Barno, aka bar shi ya gane da kansa in ya iya.

Zana ne kawai tsakanin gidansu da na Tica Ephraim, malamin makarantar mishan, kuma zanan na da wata kafa da ake miƙa garwashi da gishiri. Matarsa Margret 'yar dutsen Michika ce. Sun daɗe da aure ba haihuwa, har mutane sun gaji sun bar tambaya. Zamansu da Yakaka lafiya ne, Adda suke ce mata, wato yaya. Da Sallah nama ke tsallaka zanan, da Kirsimeti Garbai ake kira ya yanka musu akuya don maƙwabta su ci.

Wata safiya Yakaka ta leƙa neman wuta, sai ga Margret a gindin tsamiya da ƙwallon ulu a cinya da kwarashi a hannu. Tsohuwar suwaitar wata Baturiyar mishan ce ta warware, ta wanke, fari da ruwan ganye. Abin da take saƙawa gida-gida ne kamar na dara, wani gidan a shafe, wani da ƙulle-ƙulle sun taso kamar ƙwayar gujiya, ga layi mai tudu ya raba kowane gida da ɗan'uwansa. Yakaka ta auna fāɗinsa da ido. Ya fi hula, bai kai mayafi ba. Ita ta goya 'ya'ya, ta san bargon jariri in ta gan shi.

Ta tambaya kamar ba komai, wannan kuma na wa? Margret ta sunkuyar da kai ta ce na mai shi ne, ta ci gaba da lissafin ƙullinta.

Yakaka ta koma gida ba ta ko karɓi garwashin ba.

Daga ranar ta sa ido. In Amna ta duƙa tana niƙa, sai ta ga idon Margret ta kafar zana yana bin bayanta. In Amna ta miƙe ta dafe ƙugu, kwarashin ya tsaya cak. Ba a jima ba kunun tsamiya ya fara tsallakowa, mai tsami har ya kashe haƙori, wai ta dama da yawa ne. Ran nan kuma Yakaka ta jiyo Margret tana tambayar Amna ƙasa-ƙasa ko ƙafafunta na kumbura da yamma.

Yakaka ta tsare 'yarta a madafa. Amna ta rantse har da hawaye ita ba ta buɗe baki ba. Sai zargin ya koma kan Hapsatu mai kitso, wadda duk kan da ta taɓa sai ta kwashe labarinsa ta kai gida na gaba. Amma Hapsatu ba ta shigo ba tunda Amna ta zo. Saura Garbai. Kullum bayan la'asar yana cikin mazan da ke zagaye rediyon Tica suna sauraron maganar ƙuri'a, kowa na ɓoye inda ya karkata, kowa na leƙen cikin ɗan'uwansa. Ta tare shi da tuwo a gaba ta ce me yake faɗa a can game da gidansa. Ya ce wane abu ne a gidan nasa da za a faɗa? Ta dube shi da kyau ta ga bawan Allah har yanzu bai san komai ba. Wannan ma ya ba ta haushi.

Bargo kuwa sai girma yake. Yakaka in ta rufe ido gidajen nan take gani. Har ta lura inda layuka biyu masu tudu suka haɗu sun gitta juna, ta ce a ranta wannan ba irin abin da ke saman cocinsu ba ne? Ta yi istigfari, don matar ba ta taɓa cutar ta ba. Amma ko da zuciya ɗaya ake yi, ai ita ma da zuciya ɗaya ta sayo tawul. A tsakar gida ake saƙar nan, masu tallan nono na gani, matan zumuntar coci na gani. Yau ko gobe wata za ta ce na wa, a ce na 'yar maƙwabta. Shi ke nan baki ya sake hawa.

Ranar Lahadi da hantsi ta ji su Margret sun ja ƙofa sun tafi coci. Ta ce wa Amna ta zauna a ɗaki. Ta yi bisimilla ta kutsa ta kafar zana, tana gaya wa Allah shi ne shaida ba sata ta zo ba. Kwandon saƙar na rataye a baranda. Ta zare kwarashin, ta kama bakin zaren ta ja. Ba ta zaci abin zai zo da sauƙi haka ba. Layi ya bi layi yana warwarewa, ƙulle-ƙullen nan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, tana naɗe ulun a yatsunta don kada ya yi datti. Ta ci kusan rabi sai ta ji an turo ƙofa.

Margret ce, ita kaɗai, da littafin waƙoƙi a hannu. Jiri ne ya kama ta ana tsakiyar waƙa ta fito. Ta dubi Yakaka, ta dubi bargon. Ba ta yi ihu ba, ta nemi turmi ta zauna.

"Adda, ulu kike so? Da kin tambaya."

Kunya ta kama Yakaka, sai ta juya ta zama faɗa. "Wa ya gaya miki?"

"Gaya mini me?"

"Kada ki raina mini hankali, matar Tica. Na rasa jika biyu. Ba za ki zauna a tsakar gida kina saƙa wa na uku bargo duniya na kallo ba. In alheri kike nufi, na yafe."

Margret ta ajiye littafin waƙoƙin. Sai ta miƙo hannu ta kama na Yakaka, da ulun da komai, ta cusa shi ƙarƙashin zanenta ta danna.

Yakaka ta karɓi haihuwa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Tafinta ya gaya mata kafin kanta ya yarda: ciki ne. Ta matsa gefe, ta matsa ɗaya gefen. Ta zauna a ƙasa.

Nan Margret ta faɗa mata komai. Banda Tica ba wanda ya sani. Uwarta ta rasu, 'yan'uwanta na kan dutse, ita kuma ta kai wannan shekaru ba ta san yadda ciki yake ba. Shi ya sa take kallon Amna. In ta ga ta dafe ƙugu sai hankalinta ya kwanta, ta ce ashe ba ita kaɗai ba ce. Kunun tsamiyar ma don kanta take damawa, ta ga ba daɗi ta sha ita ɗaya.

"To na Amna fa, tun yaushe?"

"Tun ranar da kuka zo. Da ƙafar dama kika shigo kina ɗingishi, Adda. Washegari na ga hagu ce."

"Wa kika gaya wa?"

"Ko Tica ban gaya wa ba. Mai ɓoye nasa zai tona na wani?"

Yakaka ta sauke numfashi. Amma maimakon ta ba da haƙuri, wani sabon tsoro ne ya taso mata. Ta ce ashe ma abin ya fi muni. Mace ta yi shekaru tana roƙo, Allah ya ba ta, sannan ta fito tsakar gida tana kaɗa wa mutane tuta? Ta ce a ƙarasa warwarewa yanzu-yanzu, a ɓoye ulun sai an ji kuka. Margret ta rungume abin da ya rage ta ce a'a. Su a wurinsu ana yi tun kafin, ana addu'a a kai. Kuma in hannunta ya zauna banza tsoro ne ke cinye ta, ƙullin nan da take lissafawa shi ke hana ta lissafa abin da zai iya faruwa. Yakaka ta ce addu'a ai ita ma tana yi, sau biyar ma, amma bakin mutane daban. Suka ja, ba wadda ta saki.

Can idon Yakaka ya faɗa kan rediyon Tica ta ƙofar ɗaki, babba, an rufe shi da tsohon ɗankwali.

"Wannan ba bargo ba ne," ta ce. "Rigar rediyo ce. Kin ji ko?"

Margret ta dubi rediyon, ta fara dariya har tana riƙe ciki.

Kafin Yakaka ta tashi sai da ta nuna inda layukan suka gitta ta ce, wannan fa? Margret ta ce ta dubi tabarmar da take salla a kai ta gaya mata ko kaba ba ta gitta kaba ba. In gicciye take son sawa za ta sa babba a tsakiya kowa ya gani, ita ba ta ɓoye addininta. Yakaka ta ce to, magana ta wuce.

Washegari da kanta ta kai labarin bakin rijiya: matar Tica ta rasa abin yi, rediyo take saƙa wa riga. Mata suka yi dariya, suka ce aikin marar ɗa ke nan. Maganar ta yi wa Yakaka ciwo, amma ta haɗiye, don abin da take so ke nan su ce.

Ɓarnar da ta yi kuwa ta ce ita za ta gyara. Margret ta koya mata riƙon kwarashi, yadda ake naɗa zare a zura a jawo, yadda ake tara maɗauki da yawa a rami ɗaya a ɗaure su ƙulli ya taso. Hannun Yakaka na tuƙin tuwo ne, ja take da ƙarfi. Gidajenta suka fito a matse, wasu sun karkace, ƙullinta kamar tsakuwa. Margret ta ce a bar su haka. Kowace yamma kafin maza su taru sai a ɗora abin a kan rediyo don a gani. Yana ta girma har ya zubo ƙasa. Hapsatu mai kitso ta shigo ran nan ta tsaya tana kallo, ta ce ita dai ba ta san rediyo na ƙiba ba. Yakaka ta ce na Turawa ne, sanyi yake ji, in ba kitso aka kira ta ba ta kama hanya.

Amna ce ta fara sauka, ana saura kaɗan a jefa ƙuri'a. Mace. A tsohon zanen Yakaka aka naɗe ta, don ba a tanadi komai ba. Yakaka ba ta bar kowa ya yi guɗa ba, ba ta kuma yi barcin kirki ba sai da aka yanka rago, Garbai na ta mamakin yadda aka yi duk wannan a gidansa. Yarinya ta kama nono, ta yi nauyi, ta zauna.

Na Margret ya zo bayan an jefa ƙuri'a, da la'asar, maza sun cika ƙofar gida suna jiran rediyo ya faɗi inda aka nufa. Yakaka na ciki da ita. Sai da ta ji kukan da kunnenta, ta yanke cibi, ta ga ƙirjin yaron na hawa yana sauka, sannan ta wanke hannu ta fito. Ta ratsa mazan ba ta ce wa kowa sannu ba, ta yaye rigar daga kan rediyo, ta kakkaɓe.

Tica Ephraim ya miƙe. "Adda?"

"Namiji. Rediyonka ya sha ɗumi ya isa."

Ta naɗe yaron, ɓangaren Margret mai laushi a jikinsa, nata mai tsakuwa ta wajen ƙafa. Ta yi hamdala, Margret ta yi tata addu'ar.

Da mata suka zo barka, Hapsatu ta shafa bargon ta ce ita fa tun da damina ta san ba na rediyo ba ne, kuma ta san ba ciki ɗaya ba ne a layin nan. Aka yi dariya. Yakaka ba ta yi ba. Ta gyara wa jikarta kwanciya a cinya, ta tofa mata addu'a, ta tofa wa na Margret, tana bin matan ɗakin da ido ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda ta gaya wa Hapsatu.