Jakar Wushirya

Idan kun taɓa kunna talabijin lokacin zaman majalisa, to kun gan ni. Ni ce matar nan da ke cikin ɗan akwati a ƙasan allo ta hannun dama, sanye da baƙar riga, tana ta wulwula hannu yayin da manya ke magana. Tafinta ce ni, ina mayar da abin da 'yan majalisa suka faɗa zuwa maganar hannu saboda kurame. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa tambayata wai ko sauro nake kora. Na ce mata eh, amma irin wanda ake kawowa a mota.

Aikin yana da doka, kuma ba a yi mata kwana. Abin da mutum ya faɗa shi za ki faɗa, ba ragi ba ƙari. In ya ce "ni", ke ma ƙirjinki za ki nuna ki ce "ni". In ya yi fushi ki ɗaure fuska, in kuka yake ki karye masa, domin a maganar hannu fuska ita ce murya. Tafintar da fuskarta ba ta motsi ta cuci masu kallonta, ta ba su rabin zance. Baƙar rigar ma ba ado ba ce, don yatsu su fito sarai ake sa ta.

Ba don majalisa na koyi maganar hannu ba, don 'yata na koya. Tana shekara biyu zazzaɓi ya kwantar da ita, ya tashi ya tafi da jinta. Yanzu shekararta takwas. Sunanta a hannu shi ne a taɓa haƙoran gaba da ɗan yatsa, saboda wushiryarta, har mu ma masu baki muka koma kiranta Wushirya. Tana zuwa makarantar unguwarmu, inda aka ware aji ɗaya na yara kurame a ƙarshen baranda, kusa da famfo. Da safe in kai ta, da rana Abbanta ya ɗauko ta.

Abban nata gyaran rediyo da talabijin yake yi. Ku duba ikon Allah, mutumin da ya wuni yana dawo wa akwatuna da murya, ga ta 'yarsa ta gagare shi. Ya yi ƙoƙarin koyon maganar hannu, amma yatsunsa sun saba da sukudireba, in'ina suke yi. In ya ce mata ta kawo ruwa sai ta kawo masa takalmi da gangan, ta tsaya tana dariya. Shi kuwa ko a jikinsa, ya karɓi takalmin ya yi kamar zai sha.

Tun tana ƙarama na kafa mata doka a gida. Na ce, "In kin gan ni da baƙar riga, hannuna na haya ne, maganar wasu nake ɗauka. In na cire, nawa ne." Ta gane sarai. Har takan zolaye ni, in na hana ta wani abu sai ta ruga ta ɗauko rigar ta miƙo min, wai in sa don hanin ya zama na wani.

Ranar da abin ya faru, na san za a tattauna batun yara masu buƙata ta musamman, amma na ɗauka ƙarin malamai za a nema. Mu biyu ne a ɗakin tafinta, ni da abokin aikina da muke kira Dogo. Ɗan ɗaki ne mai shuɗin bango, ga kyamara a gaba, ga fitila mai zafi a kai, ga allo da ke nuna mana zauren. Karɓa-karɓa muke yi, domin kafaɗa ba ta jure dogon zama. Dogo ya gama nasa ke nan ya fita neman ruwa yana murza wuya, na hau alamar da aka manna a ƙasa, na gyara abin sauraren da ke kunnena.

Kakakin majalisa ya ba wani dattijo mai farin tabarau dama. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Cikin natsuwa ya gabatar da ƙudirinsa: a rufe ƙananan azuzuwan kurame da ke warwatse a makarantun unguwanni, a tattara yaran duka a babbar makarantar kwana ɗaya a bayan gari, mai kayan aiki da ƙwararrun malamai. Su riƙa zuwa gida lokacin hutu.

Hannuna na tafiya, amma na gane inda ya dosa. Ajin da ke kusa da famfo yake nufi. Gadon da ke kusa da nawa yake nufi. Na waiga da wutsiyar ido ko Dogo ya dawo, kujerarsa wayam.

Dattijon ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Ya mai girma Kakaki, na zauna da iyayen yaran nan. Wallahi sun gaji. Akwai uwar da ta kama hannuna tana kuka, ta ce min: Na gaji. Ba zan iya ba. Ku karɓe ta, ku kai ta inda za a iya da ita."

Na faɗa. Na nuna ƙirjina na ce "ni". Na ce na gaji, na ce ba zan iya ba, na miƙa hannu biyu gaba kamar mai ba da jariri na ce ku karɓe ta. Fuskata ta yi abin da aka koya mata, ta karye. Shekaru ina wannan aiki, ban taɓa fassara jimla da kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa tsanar ƙwarewata ba sai ranar.

Yana zama Dogo ya shigo, ya taɓa kafaɗata alamar lokacina ya cika. Na sauka ya hau. A daidai nan wata 'yar majalisa ta miƙe, ta ce ita ba ta yarda ba. Ta ce yaron da bai kai ya ɗaure igiyar takalminsa ba, ba a raba shi da ɗakin uwarsa don a sauƙaƙa wa hukuma lissafi. Ta ce in iyaye sun gaji a taimake su a inda suke. Duk abin da nake so in faɗa ta faɗa, amma a hannun Dogo ya fita. Ni ina gefe a kan kujerar roba, hannuna a cinya. Aka yi ta ja, daga ƙarshe Kakaki ya buga guduma ya tura batun ga kwamiti.

Dogo ya ce, "Yaya, lafiya? Kin yi wani iri."

Na ce, "Fitilar nan ce."

Ya dube ni, ya san ba fitila ba ce, amma yana da kunya, bai ƙara ba.

A motar haya na yi ta lallashin kaina. Na ce ai Wushirya tana makaranta a lokacin, wa zai nuna mata? Ko rigar ban tsaya canzawa ba, gyale kawai na yafa a kai.

La'asar ta yi sanyi na iso. Abban Wushirya na tarar a ƙofar gida, a tsaye, shi da ba ya rufe shago sai magariba. Ko sannu da zuwa bai yi min ba.

Ya ce, "Malamar su Wushirya ba ta da lafiya, aka tashe su da wuri. Na kai yarinyar shago."

Na ce, "To?"

"Talabijin uku na gyara yau. Kin san tasharku nake gwada su da ita, don ta riƙa ganinki." Ya ƙara da cewa, "Duka ukun a kunne suke."



Ya ce, "Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, wallahi na yi. Kin san hannun nawa. Da mutumin nan dogo ya hau, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce in kawo ta gida."

Na shiga ɗaki. Tana zaune a bakin gado, ta sa takalmin makaranta, ta ɗaura ɗankwalinta a karkace. Jakarta na kan cinyarta, ta cika har zif ɗin ya ƙi rufuwa. Ina hango hannun rigar barcinta, da ƙafar 'yar tsanarta, da buroshin haƙori a tsaye a aljihun gefe. Ba ta kuka. Da kukan ta yi da ya fi min sauƙi.

Na durƙusa a gabanta na ɗaga hannu. Sai ta rufe ido.

Wanda bai zauna da kurma ba ba zai san wannan ba. Yaro mai ji in ya toshe kunne kina iya ɗaga murya. Wushirya in ta rufe ido, shi ke nan, ta kulle ƙofa ta zare makulli. Na zauna a ƙasa ina jira. Abbanta na bakin ƙofa yana murza hula. A waje wani na ta danna hon, yara na buga ƙwallo a jikin katangarmu, ita duk ba ta san ana yi ba. Na ɗora tafin hannuna a kan takalminta, ban matsa ba, na dai bar shi a nan.

Da ta ga dama ta buɗe.

Na kama wuyan rigata na nuna mata. Na ce, "Duba. Baƙar riga. Maganar wani dattijo ce, shi ma maganar wata mata ya ɗauko. Kin san dokarmu."

Ta ce, "Na sani."

"To me ya sa kika haɗa kaya?"

Ta ajiye jakar a gefe don ta sami wurin magana. Ta ɗora yatsu a ƙirji ta sauke su, yadda ake cewa gajiya a aji, yadda Dogo ke yi, yadda kowa ke yi. Ta ce, "Wannan ita ce gajiyar mutane." Sannan ta sake yi, amma wannan karon ta kumbura kumatu ta furzar da iska, ta lumshe ido, ta kwantar da kai a kafaɗar hagu. Ta ce, "Wannan taki ce. Ita kike yi in kin dawo kin zauna a nan kina cire takalmi. Ita kika yi a talabijin."

Ban san na yi ba. Amma tana yi na gane ta, yadda mutum ke gane tafiyarsa in an kwaikwaya. Ba wanda ya koya min ita, ba ta cikin kowane darasi. Tawa ce, ta ɗakin nan, kuma ita na ɗauka na ba wata matar da ban taɓa gani ba, a gaban duk ƙasa. Kunya ta kama ni, da wani baƙin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba.

Abbanta ya ce daga ƙofa, "Me ta ce? Kun yi sauri, ban kama ba."

Na ce, "Bari tukuna, Abban Wushirya."

Da na so, da na ce mata idonta ne ya gani ba daidai ba. Amma yarinyar da ta rayu da karanta fuskata, ina zan kai ƙarya ta ɓuya? Na miƙe na cire gyalen, na cire baƙar rigar ta kai, na jefa ta bayan ƙofa. Na koma na durƙusa daga ni sai shimi.

Na ce, "Yanzu nawa ne. Eh, ina gajiya. Mota tana gajiyar da ni, tsayuwa tana gajiyar da ni, wanki ma haka. Wani lokaci ke ma kina gajiyar da ni, in kin ƙi cin abinci, ko kin ɓoye wa Abbanki sukudireba."

Bakinta ya ɗan motsa, wushiryar ta leƙo ta koma.

Na ce, "Amma ban taɓa cewa a karɓe ki ba. Ba zan taɓa cewa ba."

Ta ce, "Za a rufe ajinmu?"

"Ban sani ba. Sun ce wasu mutane za su zauna su duba."

"In sun ce a kai mu fa?"

"Zan je gabansu in ce a'a."

"Da wace riga?"

Na ce, "Da tawa. Mutumin nan dogo ya fassara."

Ta daɗe tana kallona. Ba hannuna take kallo ba, fuskata take bi a hankali, daga goshi zuwa haɓa, tana neman inda zancen zai yoyo. Na bar mata fuskar yadda take, ban gyara komai ba. Ban taɓa tsayawa gaban kyamarar da ta tsorata ni kamar idanun nan biyu ba.

Can ta sunkuya ta cire takalmin, ta jera su a ƙarƙashin gado. Abbanta ya sauke ajiyar zuciya, ya matso da in'inar hannunsa ya tambaye ta ko za ta sha ruwa. Ta gyara masa yatsa ɗaya, ta ce eh.

Na miƙa hannu zan kwashe kayan jakar, sai ta riƙe min wuyan hannu. Ta zaro buroshin haƙorin da kanta, ta zaro rigar barci, ta ajiye a kan matashi. Sauran ta danna su ciki, ta ja zif ɗin da ƙarfi har ya rufu. Ta ɗauki jakar ta kai bayan ƙofa, ta ajiye ta a kan baƙar rigata.

Ta juyo ta ce, "A bar ta a nan, har su gama dubawa."

Kwamitin bai zauna ba tukuna. Kullum da safe in zan share ɗakin sai na ɗaga jakar, in share ƙarƙashinta, in mayar da ita inda ta ajiye.